Fitar ɗaukar hoto bayan kaka: Azbin za mu nufa ko duwatsun gida?

Mai Hoto na Gumel: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka taɓa ranar sunan ɗan Mai Caji nake so mu ƙarasa a nan, kowa ya ji da kunnensa. Kullum aikinmu amarya, ango, 'yan rakiya, sai fasfo na masu jarrabawa. Ba raina sana'a nake ba, da ita muke ci muke sha. Amma ina so ko sau ɗaya mu haɗa kuɗi mu fita tare mu ɗauki ƙasar Allah ita kanta, dutse da kwazazzabo da rairayi, ba wani a gaban kyamara yana gyara hula yana cewa a sake. Shawarata Azbin, yankin duwatsun nan na arewacin Nijar. Mu bi ta Babban Mutum mu faɗa Magarya, mu kwana Damagaram, mu wuce Tanut mu shiga Agadas. Daga can mu nemi motar da ke shiga duwatsu ta kai mu Timiya. Da zarar an gama girbi. Mai magana ya yi.

Ɗan Jami'a na Dutse: Wa alaikumus salam Yaya. A rubuta sunana farko. Ku duba hotunan da na turo yanzu, irin abin da nake so mu dawo da shi ke nan.

Mai Caji Kazaure: Kai yaro, wannan ai atamfa ce aka shanya a lungu, ina dutse a nan?

Malamin Jogarafi: Dutse ne Mai Caji, sai dai ba a Azbin yake ba, kuma kada Ɗan Jami'a ya sa mu tafi da tsammanin abin da babu shi a can. Wannan wurin Antelope Canyon ne, a jihar Arizona ta Amurka, kusa da garin Page, cikin ƙasar ƙabilar Nabaho. Dutsen yashi ne, ruwan ambaliya ya yi ta ratsa shi yana gogewa har ya bar wannan siririn lungu mai lanƙwasa. Hasken nan da kuke gani ya sauko kamar an zuba shi, sai rana ta take tsaka a watannin zafinsu yake shiga, kuma sau da yawa jagora ne yake watsa yashi sama don hasken ya fito a hoto. Ba a shiga sai da jagora daga cikin mutanen wurin, ana bin layi, na bayanka yana jiran ka matsa.

Ɗan Jami'a na Dutse: To Malam ai Azbin ma hamada ce da duwatsu, ba za a rasa mai kama da shi ba.

Mai Hoto na Gumel: Ni ba kama da Amurka nake nema ba ƙanena. Abin da ke can ya ishe ni. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce zalla, mita 27, sanduna sun fiffito a jikinta, tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A Dabus, hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa waɗanda mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Timiya kuwa kwari ne a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, ga lambunan lemo da rumman da dabino, ga ruwa yana zubowa daga saman dutse cikin tafki. Kuma ba baƙin wuri ba ne gare mu. Unguwar Agadasawa tana nan a birnin Kano. Agalawa da yawa daga can suke jawo asalinsu. Hanyar da fatake suka bi da turkuɗi da fata suka dawo da gishiri ita ce dai wannan. Bature ma, Barth, ta cikin Azbin ya ratso a 1850 kafin ya iso Kano a 1851. Shi ya zo daga Jamus ya gani, mu da muke maƙwabta sai a waya?

'Yar Ringim: Yaya duk na ji, kuma wallahi ka sa min sha'awa. Amma a tambayi Baba tukuna, shi ya san hanyar da taya, mu a taswira muka san ta.

Autan Direba: Baba ya yi saƙon murya mai tsawo, na san wasu ba su da data, ga abin da ya ce na rubuta muku yadda ya faɗa.

"Ku gai da yaran nan. Hanyar Agadas na ci ta da babbar mota tun ba a haifi wasunku ba, in kai gero in dawo da albasa da dabino. Daga Tanut in ka wuce, gona ta ƙare, sai ƙaya da fili. Kafin Agadas akwai gangaren Tigidit, dogon bango ne na dutse ya miƙe gabas da yamma, in da safe kuka iske shi za ku tsai da mota ko ban ce ba. Wannan duk mai sauƙi ne, kwalta ce ko da ta farfashe. Shiga cikin duwatsun shi ne magana. Motar haya irin ta nan ba ta zuwa. Sai mai jan taya huɗu, da direban da ya san lokacin da ake rage iskar taya a yashi, da faifan ƙarfe na sawa ƙarƙashinta in ta nutse. Ruwa kuwa a ɗauki ninkin abin da ake zato. Da dare sanyi ne mai shiga ƙashi.

"Abu ɗaya nake so su riƙe. Hanyar can rabinta cikin kori take bi, busasshen rafi, yashi mai laushi, inuwa gefe da gefe. Baƙo yana gani sai ya ce nan za mu kwana. Buzu ba ya kwana a nan. Na taɓa gani da idona, sama tas ba gajimare a kanmu, muna shan shayi a kan tudu, sai muka ji ƙugi daga nesa. Mai masaukinmu ya ajiye kofi ya ruga ya kore awakinsa. Abin da ya fara isowa ma ba ruwa ba ne, kumfa ce da itatuwa da kashin raƙumi, tana tafe a hankali tana cin yashi. Kafin a wanke kofuna wurin da muka bi da mota ya kai wuyan mutum. Ruwan a can saman duwatsu aka yi shi, mu ko ɗigo bai taɓa mu ba. Su tambayi mutanen Agadas abin da korin Talwa ya yi musu a 2009."

Malamin Jogarafi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya faɗa shi ne ya faru a wurin da Ɗan Jami'a ya turo. Ranar 12 ga Agusta 1997 ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a cikin lungun nan, alhali ruwan sama mai ƙarfi a can nesa ya sauka. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa sai ya tattaru ya nemi mafita ɗaya, mafitar kuwa ita ce inda mai hoto yake so ya tsaya.

Mai Hoto na Gumel: Shi ya sa na ce bayan kaka ai. A Nuwamba wane ruwa?

'Yar Ringim: Ruwa ba shi ne damuwata ba Yaya. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 zaman iyakar nan bai koma yadda yake ba. An rufe ta wata da watanni sai a Maris 2024 aka buɗe, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. E, mutane suna shiga suna fita, 'yan kasuwar Maigatari ba su fasa ba. Amma mai buhun barkono daban, mota cike da samari kowa da babbar kyamara a wuya daban. A shingen farko za a fara tambayar wa ya aiko ku, wace jarida kuke yi wa aiki. Kuma a cikin garin Agadas ɗin aka sace wata 'yar Ostiriya a farkon 2025, bayan 'yan watanni aka sake ɗauke wata 'yar Suwizalan.

Ɗan Jami'a na Dutse: Anti ai Turawa ake nema, mu wa zai sace?

Mai Caji Kazaure: Kai in aka sace ka ma sai sun haɗo ka da kuɗin mota, don ci gare ka.

'Yar Ringim: A bar wasa. Wanda zai tare mota don kyamara da wayoyi ba ya duba launin fata.

Ɗan Jami'a na Dutse: Ni da na yi niyyar aro ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama wurin abokina.

Autan Direba: Baba ya ce in kai za ka zo da wannan, a sauke shi a Babura ya dawo gida.

Malamin Jogarafi: Ko a nan Najeriya tashinsa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ana yi a wurin biki ana kau da kai, amma doka tana nan. Ka ƙetara da shi ƙasar da soja ke mulki, yankin da ake haƙar yuraniyom, sai dai iyayenka su ji labari.

Mai Hoto na Gumel: Wato dai kowa ya taru a kan kada a je.

Malamin Jogarafi: Ban ce kada a je har abada ba Alhaji. Na ce bana ba lokacinsa ba ne, ga sefa ta yi tsada, ga mai tun da aka cire tallafi a 2023. Amma bari in faɗa maka abin da zai ɗan sanyaya maka rai. Duwatsun da kake marmari a Azbin da waɗanda Ɗan Jami'a yake wucewa kullum a Dutse dangi ne. Jeri ɗaya ne na tsofaffin duwatsun aman wuta da iska da ruwa suka cinye samansu, saura gindin. Ya taso daga Azbin, ya bi ta Damagaram da Gure, ya shigo mana ta Dutse, Shira, Fagam, Ningi, Riruwai, ya hau Jos ya sauka har Afu a jihar Nasarawa. Kuma yana tafiya kudu yana ƙuruciya: na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Dutse sun ɗan wuce miliyan 200, na Afu wajen miliyan 140. Kuzar da aka haƙa a Riruwai da Jos daga cikin irin wannan dutsen take.

Mai Caji Kazaure: Malam wa ya riƙe musu lissafin shekarun?

Malamin Jogarafi: Dutsen da kansa. Akwai sinadarai a cikinsa da suke rikiɗa zuwa wasu a hankali, da saurin da aka sani. In aka auna nawa ya rikiɗa nawa ya rage, sai a fitar da shekarun. Ka zo ajina ranar Talata in nuna maka a allo.

Ɗan Jami'a na Dutse: Malam da girmanka, dangi ko ba dangi ba, na Dutse curi-curi ne an ɗora wani kan wani. Ni bango nake so, mai zurfi, mai layi-layi, in tsaya a ƙasa in ɗaga kai.

Malamin Jogarafi: A nan ka fi ni gaskiya, kuma Azbin ɗin ma ba zai ba ka wannan sosai ba. Bango mai layi-layi sai inda yashi da laka suka kwanta hawa-hawa suka daskare, sannan kogi ya zo ya yanka. Grand Canyon ke nan, kogin Kolorado ya yanka shi tsawon kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800. Wani mai wannan siffar a nahiyarmu shi ne Ennedi a arewa maso gabashin Chadi. Can ne ake da Arshe, tafki a tsakanin dogayen bangaye inda ake shayar da raƙuma, har da 'yan kadoji da suka rage tun zamanin da Sahara take da koguna. Can ne kuma bakan dutsen Aloba, tsayinsa wajen mita 120. Amma daga Injamena kwanaki ake yi a mota kafin a kai Fada, garin da ke cikin yankin, kuɗinsa kuwa ko bikin shekara guda muka haɗa ba zai kai mu ba.

Ɗan Jami'a na Dutse: To in haka ne ni na ma riga ku. Ku ga wannan. Wancan watan na ɗauka a wani ƙauye ta wajen Takai, da waya kawai. Na sauka ciki na kwanta a ƙasa, la'asar sakaliya, rana ta bugi bangon gabas ya yi ja wur. Na sa a Facebook mutane suna ta tambaya wace ƙasa ce.

Mai Hoto na Gumel: Kai! Wannan a Kano? Ka ga layin fari da ja a jikinsa. To ai ga abin da muke nema a bayan gida.

Mai Caji Kazaure: An huta da canjin sefa.

Manomi na Takai: Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, don ni ba gwanin hoto ba ne, ɗana ne ya sa ni a nan saboda ina son gani. Amma wannan hoton na san wurin. Ɗan Jami'a, ka duba sama ta hannun dama, akwai bishiya da saiwoyinta suke lilo a iska. Ɗorawa ce. Ina yaro a tsakiyar gonar kawuna take, a gindinta ake ajiye mana fura in ana noma, kuma daga ita zuwa bakin ramin sai ka yi tafiya. Ramin ma lokacin ɗan kwari ne da muke tsallakewa da gudu. Yanzu rabin gonar yana cikin abin da ka kwanta a kai. Kowace damina sai ya ci kunya biyu ko uku. Hanyar da mata suke bi zuwa rijiya ta tafi, sai an zagaya. Maƙabarta ce a gabansa yanzu. Ban ce ka yi laifi ba, amma da na ga an rubuta masha Allah a ƙarƙashin hoton har da alamar zuciya, abinci bai shiga min ba ranar.

Ɗan Jami'a na Dutse: Kawu wallahi ban sani ba. Ban tarar da kowa a wurin ba.

Manomi na Takai: Da ka shiga gari ka yi sallama da ka tarar. Kuma inda ka kwanta ɗin, ƙasan bangon a rarake yake. Ruwa yana cin gindi ya bar sama a rataye, sai rana ɗaya ya rufto ba hadari ba iska. Mun yi asarar saniya a haka. Ga masu tifa suna ɗiban yashi daga ƙasa suna ƙara masa baki.

Malamin Jogarafi: Aikin da ruwa ya yi a Arizona cikin shekaru masu yawan gaske shi yake yi a nan cikin 'yan shekaru, don wannan ba dutse ba ne, ƙasa ce mai taushi. An sare itatuwa, ciyawa ta tafi, ruwa ya sami turbar shanu ko bakin kwalbati ya tattaru, shi ke nan ya fara ci yana komawa baya zuwa tudu.

Mai Hoto na Gumel: Kawu ka yi haƙuri, na yi murna da abin da ya dame ka. Amma bari in faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Hoton yana da kyau. Ko mun ɗauka ko ba mu ɗauka ba ramin yana nan yana ci. In muka ce duk abin da ya cuci wani ba za a nuna kyansa ba, to gobara da ambaliya da hadarin gabas duk sai a ajiye kyamara.

'Yar Ringim: Ba wanda ya ce a ajiye Yaya. Ni abin da na gani, hoton Ɗan Jami'a ya ɓoye wurin ne. Ya kwanta ƙasa ya yanke gona, ya yanke gari, har mutane suka zaci wata ƙasa ce, shi kuma abin ya yi masa daɗi. Da ya ja baya kaɗan karan dawa ya shigo, ko rufin kwano, ko yaro da tulu yana zagayawa, kyan yana nan bai rage ba, amma mai kallo zai san gonar wani ce.

Mai Hoto na Gumel: To an dawo da ni inda na gudo. Na ce ina so in huta da mutum a gaban kyamara, yanzu an ce in nemo yaro da tulu.

'Yar Ringim: Ka ɗauki naka ba mutum, wa ya hana ka? Amma a rubutun ƙasa a faɗi ko ina ne da abin da yake yi wa mutanen wurin.

Mai Hoto na Gumel: Hoto in sai an yi masa dogon bayani bai cika hoto ba a wurina. Amma na ji.

Manomi na Takai: Ni ga abin da zai amfane mu in kuna so. Duk wanda muka kai wa kuka sai ya ce a kawo shaida, mu kuwa bakinmu ne kawai shaidarmu. In za ku tsaya wuri ɗaya, a kafa alama, a ɗauka bana, a dawo baɗi a tsaya nan dai a sake, ɗorawar nan tana ciki, to ko makaho aka gaya wa zai gane. Bayan wannan ku ɗauki na kwalliyarku, ba ruwana. Sai dai a fara zuwa gaban mai unguwa, kuma ba mai sauka ciki sai inda na nuna.

Malamin Jogarafi: Wannan aiki ne na gaske Kawu. A yi alamar da turken ƙarfe nesa da baki, a rubuta rana, a riƙe tsayin kyamara ɗaya da faɗin ido ɗaya, waya kuma ta ajiye lambobin wurin. In ba haka ba baɗi za a yi ta musu ko ramin ne ya matso ko mai hoton ne.

Ɗan Jami'a na Dutse: Na gyara rubutun da ke ƙarƙashin hoton Kawu. In ka ce in cire shi gaba ɗaya sai in cire.

Manomi na Takai: Bar shi. Ka zo dai ka ci tuwo a gidan da ka wuce.

Autan Direba: To yanzu ina aka tsaya? Baba yana tambaya ko ya koma barcinsa.

Malamin Jogarafi: Ga shawara. Mu haɗu a Kwanar Huguma, ta fi zama tsakiya ga kowa. Yini na farko wurin Kawu, daga azahar zuwa faɗuwar rana. Mu kwana Birnin Kudu, gidana da na maƙwabta za su ɗauke mu. Da sassafe mu hau duwatsu kafin rana ta yi ƙarfi, in hantsi ya yi mu shiga wurin zanen, Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Zanen shanu ne na mutanen da, a ƙarƙashin rumfar dutse, ga kuma duwatsun da ake bugawa su yi ƙara, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Wurin yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da ma'aikacinsu za mu shiga. Ba a taɓa zanen, kuma don Allah kada wani ya watsa masa ruwa wai don launi ya fito, haka ake kashe shi. Rana ta uku Dutse, ta wajen Garu, dabino a gaba duwatsu a baya.

Mai Caji Kazaure: Yaushe? Ku tuna bayan kaka ne kowa yake aurar da 'yarsa. In na rasa Asabar ɗaya uwargida za ta tambaye ni ko dutse zai biya kuɗin makaranta.

Mai Hoto na Gumel: Litinin zuwa Laraba, ba mai ɗaurin aure. Kuma a yi shi da wuri, ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, sama a wanke, ganye bai gama bushewa ba. In aka bari hazo ya sauka, dutsen da ke gabanka ma fari fat zai fito, nesa kuwa babu ita.

Ɗan Jami'a na Dutse: Ni hazo yana burge ni Yaya, rana takan zama farar ƙwallo ka kalle ta da ido.

Mai Hoto na Gumel: Yana da nasa kyan, amma na hoto ɗaya ne ko biyu, ba na kwana uku ba. Kuma ƙurarsa ce take shiga cikin kyamara. Tunda an zo nan bari in faɗa tun yanzu: ba a sauya gilashin kyamara a fili. A shiga mota a rufe ƙofa, a kifa bakinta ƙasa, a yi da sauri. Wanda ya yi ganganci zai dawo ya tarar da ɗigo baƙi a wuri ɗaya a saman kowane hoto, musamman in ya matse idon kyamara, wato kafar da haske ke shiga, zuwa f/11 ko f/16, ya kwana yana gogewa a kwamfuta. Kowa ya zo da leda mai zif da burushi mai laushi. A cikin rami kuma matsalar ita ce sama tana da haske ƙasa tana da duhu, kyamara ba ta iya ɗaukar duka biyun. Ko dai a cire sama daga hoton, ko a ɗauki uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, a haɗa daga baya. Masu waya ku taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar ku ɗan ja hasken ƙasa. Kuma bangon da rana ta buga kai tsaye ba shi ne mai kyau ba, ku juya ku dubi wanda ke inuwa yana karɓar jan haske daga ɗan'uwansa.

'Yar Ringim: Wanda ba shi da abin kafa kyamara mai ƙafa uku fa?

Mai Hoto na Gumel: Ya cika safa da wake ya ɗaure bakinta. A kan dutse ta fi mai ƙafa ukun zama ma. A sa kyamara ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta.

Malamin Jogarafi: In ana son taurari a duba kalandar Musulunci a zaɓi ƙarshen wata, lokacin da dare yake da duhu. A wannan lokacin kaza da 'ya'yanta suna fitowa ta gabas bayan isha. A buɗe idon kyamara duka, a bar shi daƙiƙa 15 zuwa 20, in ya wuce haka taurarin za su fara jan layi.

Mai Caji Kazaure: Anti tunda za ki, an huta da neman mai girki.

'Yar Ringim: Da kyamara zan zo Mai Caji, ba da ludayi ba. Maigida ya yarda saboda a gidan Malam za a kwana wurin iyalinsa, kuma ƙanena zai rako ni. Akwai wasu mata biyu a nan da suke karantawa ba sa magana, su ma suna so. A ware mana kujerar baya. Kai kuma ka zo da abin da ka iya, batura da abin caji mai hasken rana.

Mai Caji Kazaure: An gama ranki ya daɗe. Amma kowa ya rubuta sunansa a jikin wayar cajinsa, ban da rigima.

Mai Hoto na Gumel: To shi ke nan, an rinjaye ni, amma a rubuta cewa ban janye Azbin ba. Zan buɗe adashi daban, duk wata abin da ya sawwaƙa, kuɗin yana hannun Malam. Ranar da hanya ta yi kyau ba sai an fara neman kuɗi ba. Mai so ya yi min magana ta gefe.

Autan Direba: Baba ya ce a sa shi a adashin, kuma in lokacin ya yi shi zai zauna gaba kusa da direba. Na Birnin Kudu kuwa ya ce ku je ku dawo, ya ga duwatsun nan sun ishe shi.

Manomi na Takai: Ku zo da takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa. Motar kuma a bar ta a ƙofar makarantar firamare, daga nan da ƙafa za mu ƙarasa, hanyar ba ta ɗaukar mota yanzu.

Malamin Jogarafi: Zan je wurin ma'aikatan gidan tarihin cikin makon nan in ji yadda ake shiga da yawa haka, in sanar da ku. Kuɗin mai da na mota a turo kafin Juma'a ta sama, don mu san ko bas ɗaya za ta ishe mu.

Ɗan Jami'a na Dutse: Yaya Mai Hoto, gilashin nan naka mai faɗin ido, za ka ara min ko na yini ɗaya?

Mai Hoto na Gumel: Ka fara dawo min da batirin da ka ara tun bikin Sallah.